Maganin da Ya Yi wa Ɓeraye Aiki

Shekarata tara ina kula da ɓerayen gwaji a ƙasan benen wata cibiyar bincike, cikin ɗakin da ba shi da taga, sai ƙarar fanka da warin garin katako. A wurin aiki Uwar Ɓeraye ake ce mini. A gida kuwa Yaya, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, cewa take yi, "Duniya na ɗana musu tarko, ke kina kai musu abinci a kan kari."

Farfesa da ɗalibansa suna nazarin yadda ciwon dajin nono ke tashi ya koma hanta. Sai a sa wa ɓera maganin barci, a ɗan tsaga gefen cikinsa, a yi masa allurar ƙwayoyin ciwon a saifa, jini ya kwashe su ya kai hanta. Ni ke ɗinkewa. Kullum da safe in ɗora su a sikeli, in duba gashinsu, in rubuta. Bayan mako huɗu a buɗe su. Lafiyayyar hanta ja ce sumul. Wadda ciwon ya kama kuwa sai ka ga fararen ƙuraje kamar an watsa mata tsakuwa.

A watan da muka fara gwada wani sabon magani, Yaya ta soma cewa gefen cikinta na dama na mata nauyi. Shekara biyu ke nan da cire mata nono, mun ɗauka an wuce wurin. Tela ce, ta ce yawan zama a kan keke ne. Da na ga farin idonta ya soma rawaya sai na ce mu je a duba ta. A asibiti likita ya ɗaga hoto yana nuna mana da biro. Ban buƙaci bayaninsa ba. Na ga irin hoton nan ya fi sau ɗari, sai dai ƙanana.

Su kuwa ɓerayen sabon maganin sai ƙiba suke yi. Da aka buɗe goma sha biyu, tara hantarsu tas. Ɗalibai har da tafi.

Na sami Farfesa a ofis.

"Ranka ya daɗe, yayata ce. Ya kai hanta."

"Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya, Malama."

"Maganin nan fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ke ma kin sani, ɓera ba mutum ba ne. Sai nan da shekara takwas ko goma, in ma ya tsallake."

"Wata huɗu likita ya ba ta."

"To, ni yaya zan yi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Makullin firjin da ake ajiye maganin yana rataye a wuyana. Ranar na daɗe tsaye a gaban firjin, har sanyin ɗakin ya kama mini yatsu, sannan na juya.

Da na gaya wa Yaya sai ta yi dariya har ta dafe ciki. "Wato ɓera ya fi ni gata. To ki nemo mini keji mai ɗan faɗi." Sai kuma ta ɗaure fuska. "Kada ki kuskura ki taɓa musu kaya. A kore ki, ni kuma in tafi da maganin ɓera a ciki?"

Ba ta kai wata huɗun ba. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka ƙi shiga takalmi, ta daina gane ni sai jefi-jefi. A wurin aikinmu, idan ɓera ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ƙa'ida ta hana a bar shi yana wahala, sai a kashe shi, har takarda nake sa wa hannu. Yaya ta kwana biyu tana cizon zani muna jiran allurar kashe zafi, ana cewa ta ƙare a ma'ajiya.

Na koma aiki ranar da baƙi masu ɗaukar nauyin binciken suka zo. Aka tara mu a babban ɗakin taro. An manna takardar sakamakon a bango, da sunaye bakwai a samanta, babu nawa. Ban damu ba, na saba. Farfesa ya yi ta nuna hotunan hanta, can sai ya sassauta murya.

"Wannan aiki ba na takarda ba ne kawai. A cikinmu akwai wadda ciwon nan ya ɗauke wa ƙanwa makon jiya, amma ga ta ta dawo bakin aiki. Malama, ɗan miƙe su gan ki."

Na miƙe. Aka tafa. Wata baƙuwa har da share hawaye. Farfesan da ko gaisuwar ta'aziyya bai aiko ba.

Na tare shi a matakala. "Yayata ce, ranka ya daɗe. Ba ƙanwa ba."

"Au, afuwan. Amma kin ga yadda abin ya taɓa su?"

Ya taɓa su kuwa, don sun ƙara mana kuɗin shekara uku.

A shekara ta biyu aka dakatar da maganin. Da aka gwada shi a dabbobin da suka fi ɓera girma, ƙodarsu ya lalata. Farfesa ya sauko har ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya daga bakin ƙofa saboda wari.

"Kin gani ko, Malama? Da mun biye miki, da yanzu muna cikin nadama."

Ina riƙe da keji a hannu biyu. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya ce in shirya ɓeraye sittin kafin Litinin, akwai wani maganin da za a fara.