Tabarmar Baba Gregory

"Riƙe kunnen tukunyar nan da kyau, Mubaraka, kina zubar min da kunu a zani," in ji Anti Dinatu.

Muna tsallaka ciyawar da ta raba gidanmu da na Baba Gregory, ita ta kama kunne ɗaya, ni ɗaya. Mijina Uzairu yana biye da mu da tabarmi biyu a kafaɗa. Motoci sun cika titinmu har bakin kwana, ƙofar gidan a wangale, mutane suna shiga suna fita. Tun da safe da na hango su ta taga hankalina ya kwanta. Na ce wa Uzairu ashe na ɗauki alhakin Amurkawa, ashe su ma suna zuwa gaisuwar mutuwa, jinkiri kawai suke yi. Nan da nan na dama kunun gyaɗa, na buga wa Anti Dinatu waya. Ita 'yar Zonkwa ce, nas a wani asibiti a nan Greensboro, kuma duk abin da ya tashi a unguwar ita ake fara nema.

A bakin matakala muka yi kiciɓis da wata mata mai farin gashi, ta rungumo fitilar teburin Baba. Na ɗauka 'yar'uwarsa ce. Na rusuna na yi mata gaisuwa da Turancina mafi ladabi, na ce Allah ya ba su haƙuri.

Ta yi min murmushi. "Ku yi sauri, 'yata. Kayan kirkin sun kusa ƙarewa."

A lokacin na ga 'yar farar takarda manne a gindin fitilar, da farashi a kai.

"Anti," na ce, "mene ne wannan?"

Anti Dinatu ta dire tukunyar a ƙasa a hankali. "Yesu Almasihu. Gwanjo ne, Mubaraka. Kayansa suke sayarwa."

Bari in gaya muku wanda ake gwanjon kayansa, tun da babu wanda ya tambaya a cikin masu cinikin. Gregory Lassiter ɗan manoman taba ne daga McLeansville, gabas da gari. Tun yana saurayi ya shiga masaƙa, ya shaƙi ƙurar auduga har ta zauna masa a ƙirji. Daga wannan ƙurar ya fitar da littafinsa na farko, labarin wata masaƙiya da ta ƙi komawa bakin injin da ya cinye hannun ƙaninta. New York ta yi masa tafi. An sa hotonsa a jaridu, an ba shi lambar yabo, masu masaƙun garinsu kuwa suka daina amsa gaisuwarsa. Na biyu da na uku suka fito, tafin ya ragu. Na huɗu ko zagi bai samu ba. Ya koyar a wata kwaleji har giya ta raba su, matarsa ta ɗauke 'yarsu ta tafi, kamfanin ɗab'i ya daina buga shi. Lokacin da muka tare a gidan da ke kusa da nasa, a 1991, Uzairu yana digirinsa na uku a fannin noma, Baba ya fi shekara ashirin yana fama da littafi na biyar.

Kafin in san shi na san muryarsa. Kowace safiya yakan fito da tafiretarsa baranda, ya buga jimla ɗaya, ya miƙe ya karanta wa ƙatuwar bishiyar ƙofar gidansa da ƙarfi, ya saurara kamar za ta amsa, sannan ya zage ta ya zare takardar. Uzairu ya ce tsohon ya taɓu. Ni kuwa da na girma ina ɓoye littattafai a ƙarƙashin katifa, na karance marubutan Rasha da na Masar da duk wani ɗan littafin soyayya da ya shigo kasuwar Kano, na san ciwon da ke damunsa, don ni ma shi ke damuna.

Na tsinci littafinsa na farko a kwandon waɗanda laburaren gari ke zubarwa. Na cinye shi a yini guda, abincin rana ya ƙone. Da yamma na tsallaka da idanu a kumbure.

"Kin karanta?" ya ce. "Har ƙarshe? To yau masu karatuna sun ninka."

Daga ranar ya zama Baba. Na riƙa fassara masa labaran da nake rubutawa, shi kuma yana yi musu fata-fata. "Saurayin nan naki ya yi kuka sau uku a shafi ɗaya. Ki bar shi ya ji yunwa mana, ko takalmi ya matse shi. Wa zai yarda da soyayyar mutumin da ba ya cin abinci?" Na yi fushi na ƙaurace masa, sai ga shi a bakin shinge da tumatir ɗin lambunsa, yana tambaya ko saurayin ya ci abinci.

Bara mahaifin Uzairu ya rasu a Haɗejia, ba mu sami zuwa ba. Mutanenmu suka taru daga ko'ina, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, Musulmi da Kirista, har daga garin Pleasant Garden da ke kusa. Aka shimfiɗa tabarmi daga falo har tsakar gida. Baba ya daɗe yana leƙe ta shinge, sannan ya zo da hularsa a hannu, ya durƙusa da ƙyar ya zauna kusa da Uzairu. Can ya karkato wajena.

"Me ake jira?"

"Ba a jiran komai, Baba. Zama ake yi."

"Ba wanda zai yi jawabi?"

"Babu. In mutum ya zo ya ce wa mai rashi ya haƙuri, sai ya zauna."

Ya zauna har faɗuwar rana, washegari ya dawo, ya kuma dawo a rana ta uku.

A farkon kakar bana ƙirjin ya ci ƙarfinsa. Aka sa masa robar iska a hanci, da tukunyarta a gefen kujera. Ya daina iya karanta wa bishiya, sai ni nake karanta mata, shi yana girgiza kai. Wata safiya ina tsakiyar jimla ya kama hannun rigata.

"Mubaraka. In na tafi, za ki shimfiɗa min tabarmar nan?"

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Amsa nake so, ba irin ta saurayinki ba."

"Za mu zauna maka," na ce.

"Ban da jawabi. In wani farfesa ya zo da takarda, ki watsa masa kunu."

Ranar da ban ji ƙarar tafireta ba, na same shi a kujerarsa kai a sunkuye, yana numfashi sama-sama. Motar asibiti ta tafi da shi. Na bi su, aka tare ni a ƙofa, wai ni ba dangi ba ce. Anti Dinatu ce ta fito da kayan aiki a jikinta ta riƙe ni ta ce ya cika. Na koma gida ina jiran a faɗi ranar jana'iza. Mako ya wuce, wani ya bi shi, gidan a kulle, ganyaye suna taruwa a barandar. Sai yau da motoci suka cika titi.

Na bar su Anti a waje na kutsa ciki. Wallahi ban taɓa jin abin da na ji ba. Baƙi a ɗakin kwanansa suna buɗe durowa. Wani yana gwada kwat ɗinsa a gaban madubi, yana tambayar matarsa ko kafaɗar ta yi. Littattafansa, har da waɗanda ya rubuta da hannunsa da huhunsa, an zuba su a kwali a ƙasa, wani yaro yana zaune a kai yana shan alawa. A bakin ƙofar kicin wata ma'aikaciyar masu gwanjon tana naɗe wa mai saye kofuna, tana zaro takardun naɗin daga wani tsibi a gefenta. Na san takardun. Na san harafin nan da kullum yake ɗan hawa sama da layi. Jimlolin da na karanta wa bishiya ne.

Na fizge tsibin daga gabanta. "Ba ki da ido ne? Ba ki ga rubutu ba ne?"

"An ce shara ce," ta ce, tana ja da baya.

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

Mai maganar doguwa ce, da jan-baki mai duhu da makullan mota a hannu. Goshin Baba ne sak a fuskarta. Rachael ce, 'yarsa, wadda ke zaune a Sedgefield, tafiyar da ko shayi ba zai huce ba, amma ban taɓa ganin motarta a titinmu ba.

"Ke ce maƙwabciyar," ta ce. "An gaya min ke kika kira asibiti. Na gode."

"Ina aka binne shi?"

"Ba a binne shi ba. An ƙona gawar, tokar tana wajena."

Mutumin da na kai wa miya, na gyara wa matashi, an cusa shi a wuta kamar yayin gona, ba wanka, ba kafaɗar da ta ɗauke shi, ba wanda ya tsaya a kansa.

"Mahaifinki ne fa! Ko kare ya mutu a gida ana ɗan yin shiru. Ke kin buɗe ƙofa kin kira 'yan kasuwa su yi wa wandonsa farashi!"

Masu ciniki suka tsaya cak. Uzairu ya shigo ya taɓa min gwiwar hannu. "Mubaraka, a gidan mutane muke. Za su iya kiran 'yan sanda."

"Su kira!"

Rachael ba ta ɗaga murya ba. "Shekara nawa kika san shi? Uku? Kin sami tsoho mai ba da tumatir. Ni bayansa na sani, yana fuskantar injin can. Kin karanta littafinsa na uku? Matar da ke cikinsa uwata ce, ya tuɓe ta a gaban duk garin nan, har abin da take faɗa cikin barci. Ta daina zuwa coci saboda kallo. Na kai takardun nan wani laburare, sun ce ba su da wuri. Me kike so in yi, in gina masa masallaci?"

Na karanta littafi na uku. Na yi kuka saboda matar, ban taɓa tunanin tana da 'ya ba. Amma fushina bai sauka ba, kuma har yau da nake rubuta wannan bai sauka ba. In ya yi laifi, ai gawa ba ta da baki. Kuma mu da muka saura fa?

Ta bayanta na hango wani ƙato mai jar hula ya rungumo tafiretar daga baranda, yana gaya wa abokinsa za ta yi kyau a kan kantar mashayarsa.

Uzairu ya raɗa min, "Bari in tare shi, in saya miki."

"Ba zan yi cinikin Baba ba."

"To shi kenan ta tafi."

Ta tafi kuwa. Na ji ƙararrawarta ta yi ƙara sau ɗaya da ya jefa ta bayan mota.

Na fito da takardun a ƙirjina. Na ɗauko tabarmin daga inda Uzairu ya jingine su, na shimfiɗa su a ƙarƙashin bishiyar, daidai hanyar da masu saye ke bi. Na cire takalmi na zauna. Anti Dinatu ta jawo tukunya ta zauna. Uzairu ya dubi titi, ya dubi gidan, ya sauke numfashi, shi ma ya cire nasa.

"Ni dai ban san addu'ar da zan yi masa ba," ya ce. "Mutumin ko coci ba ya zuwa."

"Bar min wannan," in ji Anti. "Kai dai zauna. Ai ba addu'a ya roƙa ba."

Masu fitowa da kaya suka riƙa kewaye mu. Wata ta tsaya ta shafa bakin tabarmar ta tambayi nawa.

"Wannan ta fi ƙarfin aljihunki, uwar ɗaki," Anti ta ce mata da Hausa, tana murmushi. Matar ta yi godiya ta wuce.

Can wani abu ya tokare ni. "Anti, zaman bai yi ba. Wa za a yi wa gaisuwa? Mai rashin tana ciki tana sallamar kujeru."

Anti Dinatu ta gyara ɗankwalinta, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta sassauta murya yadda ake yi a gida.

"Mubaraka, ya haƙuri?"

Uzairu ma ya ce, "Ya haƙuri, Mubaraka?" Daga nan hawaye suka hana ni ganin komai sosai.

Muka zauna har motoci suka watse, inuwar bishiyar ta kai bakin titi. Rachael ta fito ta kulle ƙofa. Ta tsaya a gefen tabarma da takalmanta masu tsini.

"Har yaushe za ku yi wannan?"

"Kwana uku," na ce, ban ɗago ba.

"Gobe dillali zai karɓi makulli."

"Sai mu ja tabarmar bayan shinge. Daga can ma yana jinmu."

Anti ta zuba kunu a kofi ta miƙa mata. Na zaci za ta ƙi. Ta karɓa, amma ba ta zauna tare da mu ba. Ta koma kan matakala ta ba mu baya, tana fuskantar barandar da ba komai a cikinta sai sawun ƙafafun tebur guda huɗu a kan katako. Bayan wani lokaci muka ji tashin motarta.

Da na je ɗauko kofin, na same shi a matakala ta sama, an sha rabi. Shatin jan-baki yana bakinsa, wani ɗan jan ganye ya faɗo ciki yana juyawa a hankali.