Gindin Buhu

Kofin awo ya nutse cikin buhun shinkafa, ya fito cike da yashi.

Iya ta tsaya baki buɗe. Ta sake zura hannu. Yashi ne dai, irin na gini. Ita da ta kafa doka a gidan nan cewa ba a sayen shinkafa kofi-kofi, sai buhu sukutum, don sari ya fi sauƙi! Autanta, direban kamfani, shi ke sayowa, kuma kafin buhu ya kai rabi ya ɗauke shi ya kawo sabo. Yau ne kawai ta ɗiba da yawa, za ta aika wa 'yarta da ta haihu.

"Ni za a yi wa haka? Da furfurata?"

Ta ari baron maƙwabta, ta turo buhun har ƙofar shagon da ake sayo musu shinkafa tana haki.

"Fito, ɓarawon zaune! Ban yi boko ba, amma na san ba a dafa yashi!"

Mai shago ya fito yana goge hannu. "Subhanallahi! Iya, zauna tukuna."

"Zauna kai da ka ƙoshi!"

Ta kifar da buhun a gaban jama'a. Shinkafa ta zubo, wani ƙyalle shuɗi ya biyo ta, sannan yashi ya yi tuli. Aka ɗauki salati.

Mai shago ya duƙa ya duba bakin buhun, ya sassauta murya. "Iya, ɗinkinmu na inji ne, wannan kuwa na hannu. Auta ya daɗe bai sayi cikakken buhu ba. Rabi nake auna masa, ya ce in bar bakin a buɗe."

"Ƙarya kake, ɗan nema!"

Amma idonta ya riga ya sauka kan ƙyallen. Rigar aikin Auta ce. Ga maɓalli ɗaya fari cikin baƙaƙe, ita ta ɗinka shi da hannunta. An shimfiɗa rigar ne tsakanin yashi da shinkafa, don kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga abincinta.

"Ai na ɗauka kin sani," in ji wata mai sayen sabulu. "Kamfanin ya sallami direbobinsa tuni. Dakon yashi yake yi wa magina."

Iya ta sake duban rigar. Kullum da safe sai yaron nan ya goge takalmi ya fita, ita kuwa tana bin sa da faɗan tsadar mai da albasa.

Can ta nisa, ta juya ga mai shago. "Kai, taya ni mayarwa."

"Shinkafar?"

"Har yashin. Kuma duk wanda ya gaya masa na zo nan, ni da shi ne."

Da yamma Auta ya yi sallama, takalmi na sheƙi. Ya leƙa kicin ya dubi buhun, yana tsaye cike kamar jiya.

"Iya, shinkafar ta kusa rabi?"

Ta miƙa masa ruwa, idonta a kan tafukansa da suka faffashe.

"Ina fa! Wannan buhun akwai auki. Kada ka yi gaggawar sayo wani."