Wutar Baba Labaran

Ni Radiya ba na son roƙo, kowa a unguwarmu ta Kusfa ya sani. Amma aikin digirina na biyu ya karya min wannan taurin kan.

Kwamfutar kwantum, wata sabuwar na'urar lissafi da nake bincike a kanta, babu ita a kusa da mu, sai dai mu rubuta manhaja ta kwaikwayi yadda take lissafi. Abokan karatuna sun ɗauki mai sauƙi, wadda kowace ƙwayar lissafinta matakai biyu gare ta. Ni uwar iyayi na ce sai mai matakai uku. Duk ƙwayar da na ƙara, aikin ya ninka uku. Ƙatuwar kwamfutata ta tebur sai ta yi kwanaki tana nishi, in wuta ta ɗauke kuma a koma farko. Malamina ya ce in bai ga sakamako ran Litinin ba, sai baɗi.

Da na cije na roƙa, maƙwabcinmu Baba Labaran, mai ɗinkin manyan riguna, shi ya jawo min waya daga solarsa. Solar 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar kwamfutata da fanka lokaci guda.

Ranar Asabar da hantsi, aikin ya ci rabi, sai muka ji salati ta katanga. Iya, mahaifiyarsa, ta rasu.

Na yi kuka don Iya, wallahi. Amma kada in yi ƙarya, gabana ya faɗi don kaina ma. Bazara ce, za a cika zaure da masu ta'aziyya, dole a kunna musu fanka. Wane mara kunya zai je gidan makoki da maganar wuta? Na zauna na zuba wa kwamfutar ido, ina jiran ta mutu.

Aka kai Iya aka dawo, kwamfutar tana aiki. Azahar ta wuce, tana aiki. Kai, abin ya ishe ni! Na zura hijabi na nufi gidan.

Zauren cike yake da dattawa, har limamin unguwa. Gumi ya jiƙa musu riguna sharkaf, wasu na fifita da hula. Fanka biyu na jingine a kusurwa, ba a ko warware igiyarsu ba. Na durƙusa na yi gaisuwa, kunya kamar in nutse.

“Baba, don Allah a cire wayata a kunna musu fanka,” na ce a hankali.

Baba Labaran ya girgiza kai, idanunsa jajur. “Ni kaina ban san me injin nan yake lissafawa ba, 'yata. Iya ce ta sa na ja miki wayar. Jiya ma da zazzaɓi ya rufe ta, na ce in kunna mata fanka, ta ce in bar yarinya ta gama karatunta.”

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Liman ya share gumi ya ce, “Shiga ciki, Malama. Ki yi mata addu'a.”