Kukan Boris

"Riƙe nan, Maikano. Kai, ba allura ba ce, damƙe ta da kyau!"

Na damƙe sifanar da hannu biyu. Malam Barau, maƙwabcina, yana zaune a kan tsohuwar taya a ƙofar gidansa. Ya ɗaga gaban motarsa da jak, ya kuma tokare ta da kututturen darbejiya, don bai taɓa yarda da jak shi kaɗai ba. Ni tela ne, shagona na jikin katangarsa. Ban san abin da ya kai ni barin ɗinkin mutane na zo ina shafa baƙin mai a rigata ba, amma wa zai ce wa Malam Barau a'a?

Fijon nan ta girmi rabin mutanen layinmu a Birnin Kudu. Da ita ya yi jigilar fasinja zuwa Gwaram tun muna samari. A cikinta aka kawo mini amarya, a cikinta ya koya mini tuƙi yana dungure mini ƙeya. Bakanike bai taɓa sa mata hannu ba, komai nata a ƙofar gidan nan ake yi.

Tun damina boris ɗin tayar gaba ya fara kuka, wato ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Da ya karyo kwanar masallaci za ka ji motar tana wuu-wuu. Na sha yi masa tsiya.

"Malam, ka canja abin nan mana. Ka hana kajin unguwa sakat."

"Ba ka gane ba, tela," in ji shi. "Ina nake zuwa yanzu? Kasuwa ce sai masallacin Juma'a, a hankali. Kuma uwar Sa'adiyya da shi take gane na dawo."

Gaskiya ne. Cutar yana ta rufe wa matarsa Inna Rahamatu ido, ba ta ganin komai sai duhu-duhu. Amma da ta ji kukan nan za ta lalubo buta da tabarma, kafin ya kashe mota ta shimfiɗa masa. Sai na daina tsiyar.

To, ga autarsu Sa'adiyya ta haihu a Gwaram, an yi suna, mijinta ya yarda ta zo gida wankan jego. Shi kuwa Malam Barau bai jima da fitowa daga asibiti ba, hawan jini ya kayar da shi, likita ya hana shi aikin ƙarfi. Na ce a ɗauki shatar wata motar. Ya harare ni.

"Ni na kai ta, ni zan ɗauko ta. Amma ba zan ɗora jikana a kan boris mai kuka ba."

Shi ya sa muke zaune a rana. Ya kwance notin tsakiya, ya zaro kaskon da taya ke zama a kai, ya kifa shi a kan katako. Da guduma da guntun rodi ya riƙa ƙwanƙwasa tsohon boris ɗin, nan kaɗan can kaɗan, har ya faɗo. Gumi ya jiƙa masa riga. Sau da yawa yakan ajiye gudumar ya dafe ƙirji, in na kalle shi sai ya ce yana duba aikin ne.

Daga zaure muryar Inna Rahamatu ta fito. "Malam, don Allah ka bar wa Maikano ya ƙarasa."

"Maikano? Ai sai ya ɗinke mata tayar!"

Ta yi dariya, amma ba ta koma ciki ba.

Ya wanke wurin da kananzir. Ya lakato giris a tafin hannu, ya riƙa danna sabon boris a ciki har ya cika kowane saƙo. Ya ɗora tsohon a kan sabon yana bugawa, don kada guduma ta ji wa sabon ciwo. Da ya mayar da komai sai ya ɗaure notin tam, ya kuma sassauta shi kaɗan.

"Ka gani? In ka shaƙe shi, zafi zai ɗauka ya ƙone a hanya. Ka riƙe wannan, wata rana kai za ka yi."

Ya girgiza tayar, ba motsi. Ya juya ta da hannu, ta yi ta juyawa shiru. Na zaci zai yi murna, sai na ga ya daɗe yana kallonta. Ya goge tsohon boris ɗin da tsumma, ya shiga zaure ya sa wa matarsa a hannu.

"To yanzu da me zan gane ka dawo?" ta ce.

"Sai in riƙa sallama da ƙarfi, kamar kowa."

Bayan la'asar ya wanke hannu da yashi da sabulu, ya jingina da bango a kan tabarma. "Gobe da an idar da asuba, tela. Kai za ka zauna gaba ka riƙe mini baki da surutu."

Na je na rufe shago. Da na dawo kiransa sallar magariba na same shi yadda na bar shi, hularsa ta ɗan karkace. Na kira shi, na sake kira. Giris bai ma gama fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Na durƙusa a wurin na yi kuka kamar yaro, ban kuma ji kunyar kowa ba.

An sa jana'iza da hantsi don Sa'adiyya ta riske shi. Da aka idar da asuba na tayar da motar, a lokacin da ya sa. Har Gwaram ban ji ko ƙis ba, haka ma da muka juyo. Ban taɓa ƙin lafiyar mota ba sai ranar.

Na karyo kwanar masallaci, na tsaya a inda ya saba tsayawa. Na ɗauki kayan mai jego na bi ta har tsakar gida. Inna Rahamatu na zaune cikin mata, ta karkata kunne wajen ƙofa yadda ta saba, tsohon boris ɗin na kan cinyarta tana juya shi da yatsa. Ba ta ji isowarmu ba. Sa'adiyya ta tsaya a gabanta, ta kasa ko da sallama.

Sai jaririn ya motsa a cikin zani, ya callara kuka.

Inna Rahamatu ta ɗago kai. Ta ajiye ƙarfen a gefen tabarma, ta miƙa hannu biyu wajen da kukan ke fitowa.