Ɗaurin Kawo Wuƙa

A gidan masu saƙar taru da ke bakin teku, akwai abin da ake koya wa yaro tun kafin a damƙa masa allura. Duk tarun da aka saƙa, sai an bar ƙulli ɗaya a can gindinsa da ɗaurin zarge. Kifi ba shi da yatsu, ba zai iya kwance shi ba. Amma duk abin da Allah ya ba yatsu, in ya faɗa ciki, bakin igiyar kawai zai ja ya fice. Ƙofa suke ce wa ƙullin nan. Haka kakanni suka yi, don sun san ruwa ba na kifi kaɗai ba ne.

Autan gidan ya iya saƙa, ba a raina hannunsa. Saurayi ne da gemu bai gama tsiro masa ba, kuma shi ke fita da ƙaramin kwalekwale da sassafe ya gwada sabon taru kafin a kai wa mai shi. Wata safiya ya ja, ya ji nauyi, har ya fara murna, sai ga kan budurwa ya ɓullo cikin tarun. Gashinta ya rufe kafaɗu, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa jikin kifi ne, yana walƙiya.

"Kai mai ƙafafu," in ji ta, "rufe bakin kar ƙuda ya shiga. Wa ya saƙa wannan?"

"Ni ne," in ji Auta.

"Ba laifi. Amma kakanka ya fi ka laushin hannu."

Ta nutse, ta ja ƙofa, ta yi tafiyarta.

Washegari ma sai ga ta. Abu ya zama musu wasa: ita za ta shiga tarun da gangan, shi ya jawo ta gefen kwalekwale, ta ɗora haɓa a kan katako su yi ta hira. Ta sa shi ya miƙo mata yatsun ƙafarsa, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariya har ta shaƙe. Ya kawo mata lemo, ta tsotsa, ta tofar, ta ce mutanen tudu ba su san daɗi ba. In rana ta fara zafi fatarta kan soma tsagewa, sai ta ce, "Mai ƙafafu, sai gobe," ta ja ƙofa. Auta ya koma gida yana murmushi shi kaɗai, uwarsa tana tambayar ko lafiya.

Da ruwa ya fara sanyi, ta zo ba dariya a fuskarta.

"Mutanenmu za su tashi," in ji ta. "Can ciki za mu, inda ba a ganin tudu."

"Yaushe za ku dawo?"

"Mu ba ma komawa inda muka bari."

"To ki zauna mana."

"Ka san abin da kake roƙo kuwa? Uwata, ƙannena, kowa nawa. Bari in kwana da maganar. Gobe zan shigo tarunka in faɗa maka."

Da rana Auta ya zauna a rumfar saƙa, tsakanin tulin igiya da buhun dalmar da ke nutsar da taru, tarun a kan cinyarsa. Idonsa ya sauka a kan kwamin siminti da ake jiƙa taru a bayan rumfar. Babba ne, akwai inuwa, ana iya cika shi da ruwan teku. Zuciya ta ce masa ai a'a budurwar za ta ce, wa zai bar uwarsa saboda ɗan mai saƙa? Zuciyar ta ce masa ya ajiye ta a kwamin, in ta yi fushi ma za ta huce. Ya kwance ƙofar, ya yi mata ɗaurin kawo wuƙa, ya bar bakin igiya yana lilo yadda ba za a gane ba. Shi a ransa so ne ya sa shi. Yaran yanzu komai suka yi sai su laƙaba wa so.

Gari ya waye, ya jefa taru, ya ji nauyinta ya shigo. Maimakon ya jawo ta gefe kamar kullum, sai ya ɗaure bakin tarun a jikin kwalekwale, ya juya, ya kama tuƙi zuwa gaɓa.

"Kai, sabon wasa ne?" ta ce tana dariya. "Tsaya mana, magana gare ni."

Bai waiwaya ba. Ta nutse. Ya ji igiya ta girgiza sau ɗaya, ta sake girgizawa, sannan kwalekwalen gaba ɗaya ya kama jijjiga. Zurfin ruwa ya fara raguwa, tarun yana jan ta a kan duwatsu. Da ta taso, igiya ta yanke ta a dantse, jini na zuba.

"Ƙofar ta ƙi," in ji ta tana haki. "An yi kuskure a saƙar nan. Taimake ni, mai ƙafafu."

Ko a lokacin ba ta zarge shi ba. Sai da ta ga ya kasa haɗa ido da ita.

"Kai ka ɗaure?"

"Na gyara miki wuri," in ji Auta da sauri. "Akwai inuwa, kullum zan canza miki ruwa, ba abin da za ki rasa. Ba zan iya bari ki tafi ba."

"Wuri," ta maimaita. "Kamar kifin sayarwa."

Ba ta yi ihu ba, ba ta sake fizga ba. Ta zuba masa ido kawai, rana na dukan kafaɗunta, fatar ta fara tsagewa. Auta ya daina tuƙi. Ya zaro wuƙa, ya sunkuya, ya farke tarun daga sama har ƙasa.

Ta fito, amma ba ta tafi nan take ba. Ta riƙe dantsenta.

"Mutanenmu sun tashi tun asuba," in ji ta. "Uwata ta riƙe ni tana kuka, na ɓamɓare hannunta. Na ce mata na sami wanda ba zai taɓa rufe mini ƙofa ba. Abin da na zo faɗa maka ke nan. Zama na zo yi."

"To ki zauna! Wallahi na tuba, ba zan ƙara ba!"

"A ina? Kusa da kai?"

"Ba za ki cim musu ba, sun yi nisa. Ga jini, manyan kifaye za su bi ki. Ki bari ciwon ya warke."

"Kifayen dai na san abin da suke so da ni, ba su taɓa ɓoye mini ba."

Ta juya ta fuskanci tsakiyar teku. Auta ya miƙe cikin kwalekwale yana kira, sai a lokacin ya tuna bai taɓa tambayar ta sunanta ba. Ya bi ta da tuƙi har hannuwansa suka sage. Jan jinin da ke bin bayanta ya yi ta sirancewa, can ya ɓace, ruwa ya koma launinsa.