Ranar Tsere a Gindin Tudu

Shekara goma sha ɗaya mai gyaran keke yana shiga tseren gudun da ake yi a garin, shi da abokansa biyu: Dogo mai aski, da wata malamar lissafi da ta yi ritaya, wadda kowa ke ce wa Malama. Bana kuwa likita ya yi masa aiki a gwiwar hagu, ya ba shi sanda, ya ce gudu sai wata shekarar, in ma an dace.

Ya so ya yi zamansa a gida ranar. 'Yarsa ce ta ƙi.

"Baba, in ka zauna sai ka ishi Mama da tsaki. Tashi mu je, ai ta ƙofar shagonka za su wuce."

Shagon yana gindin tudu, daidai inda titi ya yi kwana ya fara hawa. Ya san wurin kamar tafin hannunsa, don nan ne ƙafa ke fara yi wa mai gudu gardama. 'Yar ta fito masa da kujerar roba, ta kifa bokiti ta ɗora masa ƙafar a kai. An tare titin da igiya, babu mota ko ɗaya, har yana jin kukan tsuntsayen da bai taɓa sanin suna kan wayar lantarkin ba.

Zaratan gaba suka wuce kamar an harbo su, ya bi su da ido kawai. Can sai ya ce a miƙo masa tsohuwar ƙararrawar keke da ke kan teburin aiki. Ya gwada ta da babban yatsa, ta yi ƙara. Wani mai ƙiba da ke haki ya waigo ya yi dariya, ya ƙara sauri.

Shi ke nan baki ya buɗe.

"Mai jar riga, ɗaga kanka! Lamba arba'in, saura kaɗan!"

"Baba, saura kilomita huɗu fa."

"Shi ya sani, ni na sani. Bar mu."

Ana haka 'yan makaranta suka ɓullo, waɗanda aka saki daga baya a gajeren zango, hanyarsu ta haɗe da ta manya a kwanar. Suka zo a dunƙule, takalma na tafi a kan kwalta, wasu na ɗaga wa iyayensu hannu har suna tuntuɓe. Mai gyaran keke ya yi ta kaɗa ƙararrawa har yatsansa ya yi zafi.

A bayansu wata yarinya ta zo, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, lambarta ta karkace a gaban riga. Tana isa gindin tudun ta tsaya cak, ta dafe gefen cikinta, ta sunkuya. Ta ɗaga ido ta dubi hawan.

Ya jawo sandarsa ya miƙe.

"Baba!"

"Ba gudu zan yi ba."

Ya dogara har bakin igiya. "'Yata, nan ne ke sukarki? Danna wurin da hannu. Fitar da iska a hankali, kamar kina hura shayi. Yawwa. Sake."

"Kawu, ba zan iya ba," in ji ta. "Duk sun tafi."

"Su tafi mana. Daina kallon saman tudun. Kin ga falwayar can? Ita kaɗai za mu je, ni da ke."

Suka taka tare, ita a cikin igiya, shi a waje, sandarsa na ƙwanƙwasa gefen titi. Ya ji kamar an kira shi daga baya, amma bai waiga ba, yana ƙirga mata numfashi. Da suka kai falwayar, gwiwarsa ta ce iyakarta ke nan. Daidai lokacin Malama ta iso da ɗan gudunta na kullum, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

"Malama, ga ɗaliba na kawo miki!"

Malama ba ta tsaya ba. Ta dubi yarinyar ta gefen tabarau ta ce, "Biyo ni. Taku uku shaƙa, taku uku fitar." Yarinyar ta share fuska da bayan hannu ta bi ta. Ya tsaya yana kallonsu har suka shanye tudun.

Rana ta ɗaga sosai kafin abokan su dawo shagon, kowa da lambar yabo a wuya. Dogo ya zube a kan benci yana cire takalmi.

"Kai dai ba aboki ba ne. Na zo wucewa na gyara tafiya, na shanye tumbi, na kwaɗa maka kira har sau biyu. Ƙeyarka kawai na gani."

"Ai gara da ban gani ba, da na faɗa wa matarka yadda kake jan ƙafa."

"Yarinyar fa?" 'yarsa ta tambayi Malama.

Malama ta karɓi ruwa ta sha tukuna. "Muna hango layin ƙarshe ta wuce ni fuu, ko waige. Na same ta can rungume da babanta, tana ba shi labari da hannu biyu."

Ma'aikata sun fara naɗe igiya daga can ƙasa, sai ga wani dattijo ya ɓullo kwanar shi kaɗai, motar agaji na binsa a hankali. Dogo ya miƙe ba takalmi, Malama ta ajiye gorar ruwa. Su huɗu suka jeru a bakin titi suna tafa masa, har ya ɗaga musu hannu ya fara hawa.