Tudun Ƙofar Gidan Ilyasu

Ilyasu ya taka totur, motar ta tofar da hayaƙi shuɗi, masu tallar ƙosai a tashar Agiye suka watse suna tari. Shugaban tasha ya toshe hanci da hularsa, ya yanke magana: in gobe ta zo da hayaƙin nan, ba za ta yi lodin Gazawa ba, wani za a ba layin. Layin nan kuwa shi ne tuwon gidan Ilyasu.

Nan da nan direbobi suka zama likitoci. Wannan ya ce turbo mai tura iska cikin inji ya mutu, wancan ya ce injin ne gaba ɗaya, mota mai shan baƙin mai kullum ai sai addu'a. Ilyasu ya ja abarsa sai garejin Chindo.

Chindo taubashinsa ne, saboda haka tun kafin ya buɗe bonet ya tambaya ko gawayi aka koma toyawa. Ya sa aka tayar, ya tsuguna bayan salansa yana shinshina. Baƙin hayaƙi, in ji shi, man tanki ne ya yi yawa, fari ruwa ne, shuɗi kuwa baƙin mai ke ƙonewa. Ya kwance tiyon da ke shiga turbo, ya same shi jage-jage da mai. Ilyasu ya kau da kai, kamar mai jiran a yi masa ta'aziyya.

Amma da Chindo ya zura yatsa ya girgiza farfelar turbon, sai ya ji ta daram, ba ta yi lako-lako ba. Ya bari injin ya huce, ya zaro sandar gwajin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man ya haye alamar cika da nisa.

"Kai, mi kake ba ta haka?"

Ilyasu ya rantse ba ya ƙarawa sai ya gwada. Kullum da safe sanda na nuna masa mai ya yi ƙasa, shi kuwa ba ya iya ganin abu da ƙishi ya ƙyale. Wannan gaskiya ne, mutum ne da baƙonsa ba ya tashi sai ya roƙi a ɗauke kwano.

Chindo ya tambaye shi inda motar ke kwana. A kan tudun ƙofar gida mana, hanci ƙasa. Batirin ya tsufa tun bara, sai ya saki birki ta gangara ta tashi da kanta.

Chindo ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya.

"A karkace kake auna ta, mai ya gudu gehe guda, kai ko kana ta ɗura. Turbonka lahiya lau. Ƙoshi ne ya yi mata yawa take amai."

Rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta kama Ilyasu, amma daɗi ya fi ta yawa. Suka tsiyaye rarar man a galan, suka wanke tiyo, suka fita hanyar Gazawa. Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke, Ilyasu na leƙen madubi yana murmushi.

Da la'asar ya wuce tudun, ya faka a shimfiɗaɗɗen fili gindin itacen bedi, ya shiga gida ya ba matarsa Munira labari tiryan-tiryan, har da kwaikwayon dariyar Chindo. Ta saurara tana tankaɗe, ta taya shi murna. Sannan ta leƙa waje, ta dubi inda motar take, ta dubi tudun.

"To Baban Latifa, gobe da sahe wa zai tura?"

Ilyasu ya ɗauki hularsa, ya ce bari ya je ya gaida maƙwabta, an kwana biyu ba a zumunci.